Shekara guda da na'urar taƙaita gudu a motar da nake ja

Ni direban bas ne, ina lodi daga Gusau zuwa Sakkwato, wani lokaci Funtuwa. Bara maigidana ya kai motar aka ɗaura mata na'urar taƙaita gudu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya tun watan Fabrairun 2017. Ba da son raina aka sa ba. Da na nuna damuwa sai ya ce, "Malam, amanar rayukan mutane ce a hannunka." Na ce, "Haka ne, Alhaji."

Aikinta bai da wuyar ganewa. An saita ta a kilomita 90 a awa, da allura ta kai nan sai ta rage man da ke shiga inji, ko ka take totur har ƙasa mota ba ta ƙara komai. Birki kuwa ba ruwanta da shi.

Na ga amfaninta. Mai yana ɗan ƙara kai ni, fasinjoji sun daina cewa "direba a yi a hankali", kuma tseren da muke yi da juna don a riga shiga layi a tasha ya fita daga raina. Inda take ba ni wahala shi ne wajen wuce tirela, dole sai na hango hanya fetal kafin in fita. Akwai kuma fargabar da kowane direban Zamfara ya sani: a hanyar Tsafe, in aka ce 'yan bindiga sun fito, mutum yana son ƙafarsa ta yi aiki. Ba zan raina wannan tsoron ba, ni ma ina da shi.

Amma abin da ya fi damuna yana cikin gari. Doka ta ce kilomita 50 a cikin gari, na'urar kuwa ba ta san bambancin daji da Tudun Wada ba. Wanda ya ratsa Bunguɗu ko Talatar Mafara da gudun 80, tsakanin 'yan kabu-kabu, Keke Napep, masu baro da almajirai, na'urarsa shiru za ta yi, tunda bai kai 90 ba. Alhali nisan da mota ke ja bayan an take birki a gudun 60 ya ninka na 30 sau huɗu. Wata safiya kusa da shataletalen Lalan a Gusau wata yarinya mai talla ta faɗo titi a gabana. Allah Ya kiyaye, a hankali nake tafe, na tsaya dab da farantinta. Har na isa Maru hannuna na rawa.

A Tarayyar Turai, tun Yulin 2024 kowace sabuwar mota sai tana da na'urar da ke gane iyakar gudun wurin da take, ta kyamara mai karanta allunan hanya ko ta taswira, ta gargaɗi direba. Irinta nake fata mu samu, sai dai kafin nan a kafa mana allunan gudu a bakin makarantu da kasuwanni, don wurare da yawa babu su.

Duk da haka ina ba 'yan'uwana direbobi shawarar su sa na'urar taƙaita gudun, kuma kada su koma wurin mai gyaran wayarin mota ya cire ta a ɓoye.