Shagon gyaran kwamfuta a titin Beirut: suna bincike kafin su ce ka sayi kaya

A cikin shagunan gyaran kwamfuta da ke titin Beirut a Kano akwai wani ƙaramin shago da nake ganin ya dace masu buga wasanni a kwamfutar tebur su san irin aikinsa, domin mai shagon yana da halin da ya yi ƙaranci a wannan sana'a: ba ya ce maka ka sayi sabon abu sai ya nuna maka hujjar cewa tsohon ya lalace. Kwamfutar da na kai masa tana ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta) Ryzen 5 3600 da katin hoto (sashen da ke zana hotunan wasa) RTX 3060, kuma tana aikin ofis da kallon bidiyo lafiya lau, amma da zarar an shiga wasa mai nauyi sai ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta, ba tare da ta nuna wani saƙo ba.

Kafin ya taɓa sukundireba, sai da ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi. Ya ce, "Yallaɓai, wasan ne kaɗai yake rufewa ka koma fuskar Windows, ko shuɗin allo take nunawa, ko kuwa gaba ɗaya take ɗaukewa kamar an zare waya?" Ya bayyana mini cewa waɗannan cututtuka ne daban-daban. Idan wasan kaɗai ya rufe, an fi zargin manhajar wasan ko direban katin hoto, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, musamman da yake Windows tana sake tayar da direban idan katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba. Idan shuɗin allo ne, akwai lambar kuskure da za a bi, kuma sau da yawa takan kai mutum ga RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) ko direba. Amma idan kwamfuta ta mutu nan take, to zafi da wuta ne manyan abin zargi. Ya kuma tambaye ni ko da wutar gari nake amfani ko da janareta, da kuma ko akwai sitabilaiza a tsakani, tambayar da duk wanda ya san yadda ƙarfin wuta yake hawa da sauka a unguwanninmu zai gane muhimmancinta.

Daga nan ya buɗe kundin da Windows take ajiye tarihin abubuwan da suka faru, ya nuna mini kuskuren Kernel-Power mai lamba 41 jere a lokutan da kwamfutar ta mutu. Abin da ya burge ni shi ne bai yi amfani da wannan ya tsorata ni ba. Ya faɗa mini gaskiya cewa lambar tana nufin kwamfuta ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, iyakarta ke nan, ba ta faɗin dalili. Na sha jin masu gyara suna nuna wa mutane wannan lamba a matsayin shaidar cewa babban allon cikin kwamfuta (motherboard) ya ƙone, alhali ko ɗauke wuta aka yi kwamfuta tana kunne, ita za a gani.

Zafi ya fara bi. Da aka buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta toshe ragar gaba da haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, man sanyayar da ke tsakaninsu kuma ya bushe. Yaron shagon ya fitar da ita waje ya hure ƙurar, yana riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima, sannan aka goge tsohon man aka shafa sabo. Ma'aunin HWMonitor ya nuna cewa kafin tsaftacewar furosesa tana matsawa kusa da digiri 95, wanda shi ne iyakar da kamfanin AMD, mai ƙera ta, ya sanya wa wannan samfurin, bayan tsaftacewa kuwa ta sauko sosai. A garin da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, wannan aiki ne da ya kamata mai kwamfuta ya riƙa yi a kai a kai. Wani mai gyaran da nan zai tsaya ya karɓi kuɗinsa, ni kuma in koma gida da matsalata. Shi kuwa ya ce zafin furosesa yawanci yakan sa ta rage gudu ne kafin ta kai ga kashe kanta, don haka bai gamsu ba.

RAM da direba bai ɓata lokaci a kansu ba. Ya bar MemTest86, manhajar gwada RAM, tana gudana daga filashi har ta kammala zagayenta babu kuskure, ya cire direban katin hoto da manhajar DDU ya saka sabo. Sai ya kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa katin hoto lamba har iyakar ƙarfinsa, tare da wata mai matsa wa furosesa, kuma ba a jima ba kwamfutar ta mutu a gabanmu kamar yadda take yi a gida.

A nan ne ya juyo da akwatin wutar, wato na'urar da ke raba wuta ga sassan kwamfuta, ya ce in karanta takardar da ke manne a jikinsa. An rubuta wat 600 da manyan haruffa, amma a ƙananan rubutun da ke ƙasa, layin bolt 12 yana ba da abin da ya gaza haka nesa ba kusa ba, alhali daga wannan layin ne furosesa da katin hoto suke shan wuta. RTX 3060 kaɗai yana jan kimanin wat 170, kuma kamfanin Nvidia, mai ƙera shi, ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550 ga kwamfutar da ke ɗauke da shi. Ya ɗora mita a kan waya mai ruwan ɗorawa, wadda ita ce ta bolt 12, na ga da idona yadda lambar take faɗowa ƙasa da bolt 11.4 idan nauyi ya hau, wato ƙasa da abin da ƙa'idar ATX ta akwatunan wuta, kafin sabuntawar 2022, ta yarda da shi, tunda kashi 5 cikin ɗari kawai aka amince ya ragu ko ya ƙaru. Duk da haka bai ce in saya ba sai da ya ɗauko nasa akwatin wuta na gwaji ya haɗa, aka maimaita gwajin, kwamfutar ta jure ba ta ko girgiza ba. Ya ƙara da gargaɗin cewa tambarin 80 Plus yana nuna ƙarancin asarar wuta ne, ba tabbacin ingancin kayan ciki ba, kuma kada in kuskura in kwance tsohon akwatin a gida, saboda akwai sassan da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. Shagon ƙunci ne da shi, babu wurin zama na kirki, kuma mai shagon shi kaɗai ne yake yin binciken, saboda haka idan ka tarar da layi za ka daɗe, wataƙila ma ka bar kwamfutarka ta kwana. Ba ya ajiye akwatunan wuta masu inganci a shagon, sai dai ya aika yaro ya nemo a maƙwabta, farashin kuma ya danganta da abin da aka samo a ranar. Abin da ya fi damuna shi ne rashin rubutu: rasit ɗin da aka ba ni bai ƙunshi abin da aka gwada ba, bai kuma faɗi tsawon garantin sabon akwatin ba, sai alkawarin baki. Mutumin da ya iya bincike haka bai kamata ya bar sakamakon a ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba, domin idan matsala ta dawo bayan watanni, takarda ce za ta raba gardama.

Kuɗin aikin an ware shi daban da kuɗin kaya, an kuma faɗa mini shi tun kafin a fara, kuma idan na kwatanta da kuɗin sabon katin hoto, wanda wasu suka riga suka ba ni shawarar in saya, abin da na biya bai taka kara ya karya ba. Tun da aka canza akwatin wutar kwamfutar ba ta sake mutuwa a tsakiyar wasa ba, ko a kan wutar gari ko a kan janareta, na kuma bi shawararsa na sa mata UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Duk wanda zai kai tasa, ya tafi da akwatin kwamfutar gaba ɗaya da wayar wutarta, ya kwafi muhimman fayilolinsa tun daga gida, ya lura da sunan wasan da kuma yadda take mutuwa, sannan ya nemi a rubuta masa garanti a kan rasit kafin ya biya.