Clang da gargaɗinsa wajen harhaɗa x264

Duk wanda ya taɓa harhaɗa x264 (wato mayar da rubutunta zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa), manhajar ƙungiyar VideoLAN mai matse bidiyo zuwa tsarin H.264, ya san cewa da zarar an kunna -Wall da -Wextra, zaɓuɓɓukan da ke ƙara yawan gargaɗi kan kurakuran rubutu, gargaɗi zai cika allo. A wannan aiki na fi gamsuwa da Clang, kwamfaila (manhajar harhaɗawa) ta shirin LLVM da aka fitar a 2007, saboda yadda yake nuna ainihin layin da matsalar take, ya sa alama a ƙarƙashin wurin, wani lokaci har ya ba da shawarar gyara.

Amfaninsa ya fi fitowa a lissafi. Manhajar matse bidiyo cike take da kwatanta lambobi masu alamar ragi da marasa ita, da kuma gusar da bit (sifili da ɗaya da kwamfuta ke ajiye lamba da su), kuma a nan kurakurai suke ɓuya har sai hoto ya lalace a wata na'ura dabam. Idan aka haɗa gargaɗin -Wsign-compare, mai nuna irin wannan kwatanci, da gwajin -fsanitize=undefined, wanda yake kama lambar da ta zarce iyakarta yayin da manhajar take gudana, mai gyara zai iya bambance gargaɗi mai haɗari da wanda za a jinkirta.

Yana da gazawa. Sassan x264 masu sauri an rubuta su ne da harshen na'ura, wata manhaja dabam mai suna NASM ke harhaɗa su a kwamfutocin x86 (irin na Intel da AMD), don haka Clang ba ya ganinsu sam. Sannan tun daga Clang 16 na 2023, kiran wani aiki (function) a cikin rubutun manhaja ba tare da an ayyana shi ba ya zama kuskure mai tsayar da harhaɗawa, abin da zai wahalar da mai riƙe da tsohon rubutu, ko da yake ina ganin matakin daidai ne.