Akwatin duwatsun teku da na saya wa ɗalibaina, abin da na gani

Tun satin jiya ƙawaye ke tambayata akan akwatin nan na ragowar halittun teku na dā da suka zama dutse, wanda na saka hotonsa a WhatsApp, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Ni malamar jogurafi ce a wata sakandare nan Kaduna, kuma duk shekara in na zo wajen tarihin ƙasa na ce ma yara teku ya taɓa rufe Sakkwato sai kaga suna kallona kamar tatsuniya nake. Laifinsu ne? A'a wallahi, sbd mu nan Kaduna akan tsohon dutse mai tauri muke zaune, irin su Kufena da duwatsun Kajuru, ko shekara ka yi kana fasawa ba za ka samu ko ɓawon katantanwa ɗaya a ciki ba. Shi yasa da na ga akwatin a wani shagon kayan makaranta a cikin gari ban yi wata wata ba na saya, dubu 35 bayan ciniki.

Abu biyar ne a ciki, kowanne da ɗan gurbinsa da auduga, sai ɗan gilashin ƙara girma da takardar bayani. Wanda yafi tafiya da ni shine amonayit ɗin, mai kama da katantanwa a naɗe, an raba shi biyu an goge yana sheƙi, takarda ta ce daga Madagaska. In ka sa gilashi zaka ga ɗakuna ɗakuna a jere kowanne ya fi na bayansa girma, dabbar a ɗakin ƙarshe take zama, sauran kuma su ke taimaka mata ta yi sama ko ƙasa a ruwa. Wata yarinya 'yar SS2 da bata cika magana ba ta riƙe shi ya fi minti biyar, can ta ce "Malama yanzu wannan da ransa ya yi iyo?" Na ce mata ƙwarai, da ikon Allah. Wannan tambayar kaɗai ta biya ni kuɗina.

Kuma da shi na samu na yi musu bayanin abin da ya faru shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da ƙaton dutse daga sama ya faɗo a Yukatan ta ƙasar Meziko, ƙura ta tare rana, ƙananan halittun saman ruwa da sauran halittun teku ke ci suka mutu, amonayit suka ƙare kaf amma ɗan uwansu notilus yana nan har yau a teku. Masana da yawa na ganin 'ya'yan amonayit ƙanana ne sosai kuma a saman ruwa suke yawo inda masifar tafi tsanani, shi kuwa notilus ƙwansa manya ne. Haƙoran kifin shak guda biyu na Maroko suma na gaske ne, har yanzu da kaifinsu.

To amma fa tirailobayit ɗin, wato wata tsohuwar halittar teku mai kama da ƙwaro, jabu ne, kuma abun ya ɓata min rai sosai domin shi nafi so, da shi zan koyar da babbar halakar da ta fi kowacce, ta shekara miliyan 252, sanda aman wuta a Saiberiya ya ɗumama duniya, ruwan teku ya yi tsami iskar oksijin ta yi ƙaranci, fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'in halittun teku suka tafi, tirailobayit na ƙarshe ma a nan suka ƙare. Ƙanin maigidana da ya karanta jiyoloji a ABU Zariya shi ya gano, ya juya shi ya ce "Anti duba nan", sai ga 'yan ramuka ƙanana kamar na kumfa a bayansa. Ya ɗora allura a wuta ya taɓa gefe, nan take ta shige sai warin roba. An zuba shi ne a mazubi aka manna kan dutse aka shafa baƙin fenti.

Na koma shagon washegari. Gaskiya mai shagon bai yi min gardama ba, ya ce "Malama ki yi haƙuri, yadda aka kawo mana haka muke sayarwa, ni ban san ana yin jabun dutse ba", ya maido min dubu 5. Na yaba da halinsa, amma sauran akwatunan suna nan a kanta ba a duba su ba.

Ɗayan abin da ya dame ni takardar bayanin ce. Turanci zalla, rubutu ƙanana, kuma ko sau ɗaya ba a ambaci Najeriya ba alhali muna da namu. A ramin da ake haƙar dutsen siminti a Ashaka ta jihar Gombe amonayit ne birjik. A Sakkwato an tono wani ƙaton mai rarrafe na teku da aka sa ma suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A Sakkwaton dai, duwatsun Dukamaje na kafin faɗowar dutsen nan na Meziko akwai amonayit a ciki, na Kalambaina da suka zo daga baya kuma notilus ake samu da katantanwa, babu amonayit, kaga labarin gaba ɗaya a rubuce yake a ƙasarmu. Dole na zauna da daddare na rubuta nawa bayanin da Hausa na yi fotokwafi na raba musu.

Mai son saya ya saya, musamman malamai da iyaye masu yara 'yan sakandare, amma a buɗe akwatin a gaban mai shago a duba tirailobayit ɗin da gilashin kafin a biya. Ni dai yanzu ina ta magana da shugabar makarantarmu ko za a yarda mu kai 'yan SS2 Ashaka a zango mai zuwa, ta ce in kawo lissafin kuɗin mota ranar Litinin.