Hattara da mai tallan epoksin tayil, ya ci min naira 96,000

Jama'a, akwai wani mai tallan kayan cike layin tayil a Facebook, macuci ne. Naira 96,000 na tura masa, 96,000 cif, ban da kuɗin mota. Yanzu silin ɗin falona na ƙasa ya yi taswirar ruwa, banɗakin sama kuma layukansa sun yi baƙi da fumfuna.

Kada wani ya zo ya ce min garaje na yi. Na yi tambaya. Na san farin siminti yana shan ruwa, shi ya sa na nemi epoksi, wato gam ɗin cike layin tayil da ba ya shan ruwa, tun farko. Mutumin nan shi ya fara tambayata, "Alhaji, banɗakin a bene yake? To kada ka yarda a sa maka siminti a kusurwa, tsagewa zai yi, silikon ake sa wa nan." Maganar gaskiya ce! Wa zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne? Har kiran bidiyo ya yi, ya zuba ruwa a kan tayil ina kallo. "Wallahi Alhaji in ya yi yoyo ka dawo min da kayana." Wannan wallahin nake ta ji a kunnena har yau.

Ya toshe lambata tun ranar da na tura masa hoton silin. A'a, kafin nan ma ya fara ƙin ɗauka, tun da mai tayil ɗina ya buɗe bokitin ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai gari ne." Epoksi na gaskiya aƙalla kashi biyu yake zuwa, gam ɗin da abin da ke sandarar da shi, haɗa su ake yi, ba a kwaɓa shi da ruwa. Na kira shi a lokacin, ya ce sabon samfuri ne, a kwaɓa kawai. Ashe farin siminti ne aka sauya wa bokiti. Abin da ya kira silikon kuma akirilik ne, irin na gefen taga da ake bi da fenti, da jiƙaƙƙen tsumma aka goge shi daga hannu. Ranar lalacewar da ke jikin kwalin ma an kankare ta.

Naira 96,000 a kan farin siminti. Ga kuɗin kankare layukan, ga gyaran silin. Maiɗakina ta tambaye ni nawa aka kashe, na kasa haɗa ido da ita.

Hotunan hirarmu, rasidin banki da saƙonnin muryarsa duk suna nan, zan ɗora su da daddare in sha Allah.

In za ku saya, ku je shago da mai tayil ɗinku. Epoksi ya zama aƙalla kashi biyu, silikon ya zama na banɗaki mai hana fumfuna, ku duba kwanan wata. Ni dai ban yafe 96,000 ɗina ba, Allah ya isa.