Man Lucas Break-In SAE 30 a injin da aka sake ɗaurewa

Duk injin da na sauke na sake ɗaurewa, musamman tsoho mai kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da tafet (ƙarafan da take turawa) masu shafaffen kai, wannan man nake fara zuba masa, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Baƙin mai ne na gargajiya, ba sintetik ba, an ƙara masa sinadarin zinc da fosfaras da ake kira ZDDP. Idan ƙarfe ya danni ƙarfe da zafi, sinadarin nan yakan shimfiɗa siririn rufi a fuskarsu, rufin ya sha gugar maimakon kamshaf. Man motocin zamani an rage masa shi: tun 2004 ƙa'idar ingancin baƙin mai ta API SM ta tsayar da fosfaras a 800 ppm (kashi 800 cikin miliyan) a irin su 5W-30 da 10W-30, don kada ya lalata katalis ɗin salansa. Wannan adadi bai ishi sabon kamshaf ba.

Amma mai kaɗai ba ya yin aikin. Kafin in murza maku­lli sai na juya famfon mai har allurar fureshan ta ɗaga, taimin da kafireto kuma a saite, don injin ya kama nan take. Yana kamawa sai totur, tsakanin 2,000 da 2,500 rpm, ana ɗan hawa ana sauka, minti 20 zuwa 30. Kada a bar shi a silo, wato yana aiki ba totur, ko kaɗan. Kamshaf irin wannan da feshin man da kiranshaf ke watsowa ya dogara, a silo kuwa feshin bai kai ba. Ido ɗaya a kan zafi, ɗaya a ƙarƙashin mota ko akwai yoyo.

Daga nan sai juye, man da zafinsa, a zuba sabo irinsa. Nakan yanka filtar in baje takardar cikinta a rana. Da wannan man, abin da nake gani ƙura ce mai laushi launin toka tana ɗan ƙyalli, wadda idan ka murza a yatsa ba ka jin komai. Wannan lafiya ce. Ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe kuwa daga metal (beyarin kiranshaf) yake fitowa, a tsaya a buɗe.

Inda na fi yaba masa shi ne zaman ringi. Zanen giciye da ake yi a bangon silinda shi ne magagarin da ke daidaita ringi, kuma ba ya daɗewa da kaifi. Man nan bai cika santsi ba, yana barin ringi ya ciza. Mutane da yawa suna lallaɓa sabon inji saboda tausayi, alhali nauyi yake so: a taka totur a giya ta uku, a saki, injin ya ja birki da kansa, a sake. Wanda ya lallaɓa, bangon silinda zai yi sumul, motar ta yi ta shan baƙin mai da shuɗin hayaƙi.

Ba man zama ba ne. Wajen kilomita 800 nake sauke shi in koma man da injin zai rayu da shi, domin yawan zinc yana cutar da katalis, kuma SAE 30 yana yin kauri da sanyin safiya. Injin da ke da kamshaf na rola ba ya bukatar zinc haka. Mai shi ya bi takardar da ta zo da ringinsa.