Kayan Motsa Jiki na Lokacin Sanyi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Idan sanyi ya sauka, jijiyoyin jini na fata da gaɓoɓi kan tsuke, tsoka ta yi tauri, zama ya yawaita. Daga nan ne sanƙarewar wuya da ciwon ƙugu da targaɗe ke samo asali. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Abin da za ka saya dai ya zama wanda gwiwarka za ta iya ɗauka, kuma ɗakinka ya ishe shi.

Robar da ake ja don ƙarfafa tsoka ita ce muka fi ba wa mutane shawara su fara da ita. Ba ta cin wuri, kuma tana aiki da kafaɗa, baya, cinya da duwawu. Ka sayi saiti mai ƙarfi uku ko huɗu, domin wadda ta dace da hannu za ta yi wa ƙafa sauƙi. Mai zobe da aka saƙa da yadi ba ta naɗewa a cinya, ita kuwa mai mariƙi ta fi daɗin ja. Aibinta tsinkewa ne: rana da tsufa kan busar da roba, sai ta fara tsagewa. Duba ta kafin kowane amfani, kada ka miƙe ta fiye da ninki biyu da rabi na tsawonta, kuma kada ka ja ta saitin ido.

Keken ɗaka ya fi dacewa da mai ƙiba ko mai ciwon gwiwa, tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki. Mai birkin maganaɗisu ba ya yin ƙara kuma ba abin da ke gogewa a ciki. Mai birkin guga ya fi araha, amma abin da ke yin gugar na cinyewa. Abu mafi muhimmanci shi ne sirdin ya zama mai hawa da sauka. Idan feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa zai yi ciwo. Ya yi sama, ƙugu zai riƙa karkata hagu da dama. Mai ciwon baya ya nemi irin mai majingina.

Injin tafiya, wato wanda ake tafiya ko gudu a kan bel ɗinsa mai juyawa, na da kyau, sai dai ya fi kowanne tsada da cin wuri da lantarki. Mai tafiya kawai, bel mai tsawon santimita 120 ya ishe shi. Mai gudu ya nemi 140 ko fiye. Kada ka sayi wanda ba shi da igiyar tsaro da ake maƙalawa a riga, musamman a gida mai yara.

Igiyar tsalle kuwa, arharta kada ta ruɗe ka. Tana dukan agara da idon sawu sosai, kuma a jikin da bai ɗumama ba nan take rauni ke zuwa. In ka saba da ita, taka tsakiyarta don auna tsawonta: mariƙan su kai hamata.

Tabarmar motsa jiki mai kaurin milimita 6 ta wadatar, mai durƙusawa da gwiwa mai ciwo ya ɗauki 10. Wadda ta fi haka laushi na sa ƙafa rawa a tsaye.

Mai fita waje ya guji rigar auduga a jikin fata, don tana riƙe gumi ta sanyaya mutum da zarar ya tsaya. Ulu mai laushi ko polista a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska a sama. Takalmi kuma ya zama mai zurfin zane a ƙasa saboda santsi.

Kowanne ka zaɓa, fara da minti 10 na tattaki a wuri ɗaya da juya kafaɗa da ƙugu. Miƙa mai tsayawa ta daƙiƙa 30 a bar ta sai bayan an gama. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya ga likita kafin ya yi aikin ƙarfi cikin sanyi, domin sanyi na ƙara hawan jini kuma busasshiyar iska na tsuke hanyar numfashi.