Wane Bugun The Shape of Punk to Come Ya Kamata Ka Saya?

Kundin waƙoƙi na The Shape of Punk to Come na ƙungiyar mawaƙa ta Refused ya fito a siga daban-daban tun daga 1998, kuma ba dukansu ke ba ka abu ɗaya ba. Akwai faifan CD na asali, akwai bugun 2010 mai faifai uku, akwai na garmaho, akwai wanda aka sake haɗa sautinsa a 2004, ga kuma sauraro ta intanet. Kafin ka fitar da kuɗinka, ya kamata ka san irin aikin da kake shirin saye, domin yanayin aikin ne zai nuna maka bugun da ya dace.

A lokacin da kundin ya fito, Refused samari ne daga Umeå, wani gari a arewacin Suwidin, inda sanyi da duhun hunturu ke da tsawo. Dennis Lyxzén ne mai waƙa, David Sandström a kan ganga, Kristofer Steen da Jon Brännström a kan jita. Sun taso cikin salon da ake kira hardcore, kiɗa mai sauri da ƙara da ihu, wanda a lokacin masu yinsa suka kafa masa dokoki kamar ba za a taɓa su ba. Refused suka ga cewa ba ya yiwuwa ka riƙa yin waƙar bijire wa tsarin jari-hujja alhali kiɗanka ya zama abin da kowa ya haddace. Sai suka ɗauko jazz, suka ɗauko sautin kwamfuta irin na gidajen rawa, suka ɗauko goge na Turawa, suka zuba cikin kiɗan da ba a saba jin ko ɗaya daga cikinsu a ciki ba. Sunan kundin ma sun aro shi ne daga The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman, wanda ya fito a 1959. Kamfanin Burning Heart ne ya fitar da shi, waƙoƙi 12, kusan minti 55.

Ka saurari "The Deadly Rhythm" ka ji. Ana tsakiyar rugugi, jita biyu na sara, sai komai ya lafa, ka ji wani yana taɓa tsirkiyar babbar garayar jazz da yatsa a hankali, ganga na bin sa a ƙasa-ƙasa, kamar an buɗe ƙofar wani ɗaki daban. Kafin ka gama sakin jiki rugugin ya dawo. Haka "New Noise": jita ɗaya tana maimaita ɗan gajeren kiɗa, ganga na taruwa, kana jiran fashewa, sai su janye su saka maka sautin kwamfuta mai laushi, su bar ka a rataye fiye da minti ɗaya kafin Lyxzén ya ƙwalla ihun da ya buɗe waƙar. Na ji wannan wuri ba adadi, har yau gabana yana faɗuwa idan ya zo.

Abin da ya shafi mai saye shi ne, waƙoƙin a ɗinke suke da juna. Ƙarshen wata shi ne farkon wata, da hayaniyar titi da muryoyi da ƙarar murɗa rediyo a tsakani. An gina shi ne don a ji shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Duk hanyar da za ta yanka maka shi gunduwa-gunduwa ta rage maka wani abu.

Shi ya sa sauraro kyauta ta intanet, inda talla ke faɗowa tsakanin waƙa da waƙa, ya dace ne kawai da ɗanɗano. Ka fara da nan ɗin, hakan daidai ne, domin wannan kiɗa ba kowane kunne yake karɓa ba, kuma gara ka sani tun kafin ka kashe ko sisi. Idan kana biyan kuɗin wata a Spotify ko Apple Music, ka sauke kundin gaba ɗaya, ka kashe abin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, ka sa abin sauraro mai kyau a kunne. Sai dai a nan ba za ka sami takardun cikin faifan ba, kuma wannan rashi ne na gaske. Refused sun cika su da dogon rubutu na bayyana aƙidarsu kan kiɗa da siyasa, har bangon ma an tsara shi kamar na tsofaffin faya-fayan jazz. Wanda bai karanta ba zai ji ihu ne kawai, ba zai san dalilin ihun ba.

CD na asali mai waƙoƙi 12 shi ne mafi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, musamman na hannu a Discogs, kasuwar faya-fayan waƙa ta intanet. Yana ba ka kundin a ɗinke yadda aka nufa, da takardunsa. Ka tambayi mai sayarwa ko takardun na nan cif, ka kuma nemi hoton bayan faifan don ka ga ko ya karce.

Amma in da hali, bugun da kamfanin Epitaph ya fitar a watan Yunin 2010 shi ne zaɓina, kuma ba na shakka a kai. Faifai uku ne. Na farko kundin ne kansa. Na biyu wasan da suka yi a gaban jama'a a bikin Umeå Open cikin watan Afrilun 1998, a garinsu, inda za ka ji yadda waɗannan waƙoƙi masu wuyar bugawa suke fita daga hannun mutane ba tare da gyaran situdiyo ba. Na uku kuwa DVD ne na fim ɗin da Kristofer Steen, mai jitarsu, ya shirya kan yadda ƙungiyar ta watse, wanda ya fara fitowa a 2006. Wannan fim ne ya sa nake ganin ƙarin kuɗin ya halatta. Kundin bai samu karɓuwa ba lokacin da ya fito. Tsofaffin masoyansu da yawa sun juya masa baya, su kansu kuma sun gaji da juna. Suka tafi yawon wasa Amurka a ƙarshen 1998 suna bugawa a ƙananan wurare, wasansu na ƙarshe a ɗakin ƙasa na wani gida ne a Harrisonburg ta jihar Virginia, 'yan sanda suka zo suka tsayar da shi. Daga nan suka rabu. Idan ka kalli fuskokinsu suna ba da wannan labari, sannan ka koma ka saurari "Tannhäuser / Derivè" mai minti takwas da gogenta mai kama da kuka, za ka ji ta daban.

Bugun DVD-Audio na 2004 na masu lasifika shida ne da ke kewaye ɗaki. An sake haɗa sautin, an kuma sauya tsarin wasu waƙoƙin. Wanda ya riga ya haddace kundin zai ji daɗin bambancin. Kada ya zama shi ne sayenka na farko.

Faifan garmaho yana da nasa daɗin, bango babba, rubutu a sarari. Ka nemi bugun faifai biyu, saboda minti 55 sun yi wa faifai ɗaya yawa: idan aka matse layukan, ƙarfin sauti yana raguwa, kuma wannan kundi rayuwarsa na cikin tazarar da ke tsakanin shiru da fashewa. Sannan ka yi lissafin hanya. Ga wanda ke Kano ko Damagaram, kuɗin aikowa da na kwastan kan iya haura kuɗin faifan, kuma garmaho ba ya jure zafi. Na taɓa barin wani faifai a kujerar bayan mota da rana cikin watan Afrilu, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ya sha ruwa, allura tana hawa tana sauka a kansa. In ba ka da na'urar da ke aiki da wurin ajiya mai inuwa inda zai tsaya a miƙe, bar shi tukuna.

A 2024 an sake fitar da bugun tunawa da cikar kundin shekara 25, tare da wani faifai inda ƙungiyoyi irin su Quicksand da Touché Amoré suka sake buga waƙoƙin da salonsu. Wannan na mai son jin inda tasirin ya kai ne. Kuma ya kai nesa: Anthrax sun sake buga "New Noise", Paramore sun ari baiti daga "Liberation Frequency" a waƙarsu "Born for This", kuma masu kallon shirin talabijin na The Bear sun sha jin waccan jitar ta "New Noise" ko da ba su san sunanta ba. Lokacin da Refused suka sake haɗuwa a 2012, a babban bikin kiɗa na Coachella a Amurka suka tsaya gaban dubban mutane, shekara 14 bayan wancan ɗakin ƙasa na Virginia.

Wataƙila kana auna shi da wasu kundaye na wannan salo. Relationship of Command na At the Drive-In, 'yan El Paso ta jihar Texas, ya fito a 2000, ya fi saurin shiga kunne, waƙoƙinsa kuma kowace tana tsayawa da ƙafarta, don haka sauraro ta waya ba ya cutar da shi sosai. Repeater na Fugazi, na 1990, ya fi su tsauri da ƙarancin ado, kuma CD ɗinsa yana zuwa da ƙarin waƙoƙi uku. Idan kuɗinka na faifai ɗaya ne, ka saurari waɗannan biyun ta intanet, ka ajiye kuɗin don Refused bugun 2010. Kafin ka biya, ka tabbatar mai sayarwa ya rubuta cewa faifai ukun duka suna ciki, domin a kayan hannu DVD ɗin ne ya fi yawan ɓacewa.